Miliyan 7 Ka Tura Zanzibar, To Mi Ka Saya Da Su?

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Daura ya turo mani wannan saƙon, na cire sunanshi:

"Salamu alaikum Malam. Sana'ata hatsi, ina saye a Mai'adua da ƙauyukan kewaye in ajiye. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya shekara 5 kenan yana Zanzibar, wani gari wai shi Nungwi, yana aiki inda ake kai Turawa nutso cikin teku da tulun iska a baya. Da dakon kaya ya fara, yanzu har shi ke jan baƙi ƙarƙashin ruwa. Ya ce Baturen da ke da wurin zai saida kashi ɗaya cikin huɗu a miliyan 15, kuma za mu riƙa samun kamar dubu 900 duk wata. Na tura mashi miliyan 7 wata huɗu da suka wuce, yanzu ya matsa in ciko 8 kafin wani ya riga mu. Kuɗin sayen kaka ne na ware. In tura ko in dakata? Yaron ba ya ƙarya kuma mai sallah ne."

Wa alaikumus salam Alhaji. Sau uku na karanta saƙonka ina neman kalma ɗaya, takarda, ban ganta ba. Ka gaya mani yaron mai sallah ne, to Allah ya ƙara mashi, amma ni ba tarbiyyarshi ce ta dame ni ba. Miliyan 7 sun bar asusunka wata huɗu kenan, mi ka saya da su? In yau aka tsaida ka gaban alƙali, ko gaban 'ya'yanka ma, aka ce nuna abin da ka mallaka a Nungwi, mi za ka ɗaga? Alat ɗin banki da hotunan WhatsApp na ruwa shuɗi. Kai da ba ka yarda a ɗora maka buhun wake a mota sai ka soka tsiko ka ga ƙwayar da idonka, kai ne ka yi cinikin biri a sama, saman ma na wata ƙasa.

Na ɗan san wurin da kake magana, wani aiki ya taɓa kai ni Zanzibar na ƙara kwana huɗu a Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin inda har yanzu ake sassaƙa jiragen ruwa na katako a bakin yashi. Ban shiga ruwan ba wallahi, ni ko dam ɗin Ajiwa daga nesa nake gaishe shi, amma na zauna a irin wannan shagon nutson ina kallon yadda kuɗi ke shiga da fita, don ciwona kenan. Kuma na gane abin da ya tafi da hankalin ƙanenka. Zaman wurin akwai daɗi. Tun da asuba yara na jidar tuluna zuwa jirgi, direban jirgi ɗan garin yana duba inji, malaman nutso daga Italiya da Afirka ta Kudu da ina da ina suna tsokanar juna da Swahili rabi da rabi, a fita wajen tsibirin Mnemba a nuna ma baƙi murjani da kunkurun ruwa, da la'asar a dawo a wanke kaya da ruwan daɗi don gishiri na cin komai, a raba ɗan ihsanin da baƙi suka bari, a zauna ana labarin wa ya ga mi a ƙasa. Kowa na kiran kowa ɗan'uwa. Yaron da ya taso a Daura yana dakon buhu, yau Bature na bin bayanshi ƙarƙashin teku yana jiran ya yi mashi ishara da hannu, dole ya ji ya zama ɗan gida. To amma zama ɗan gida daban, ganin littafin lissafi daban, kuma na tabbata ƙanenka bai taɓa ganin littafin nan ba.

Matsayin da ka kwatanta, na jan baƙi, shi ne matakin farko na ƙwararru a tsarin PADI, ƙungiyar Amurka da mafi yawan shagunan ke bada shaidarta. Sai mutum ya yi nutso 60 a rubuce kafin a ba shi, malamin da ke koyarwa ya bada shaida kuwa sai ya kai 100 ya kuma ci jarrabawa. Ka ga ko nutson nasu sai an rubuta kowane ɗaya a littafi, rana da zurfi da minti nawa, kai kuwa miliyan 7 ko a bayan kwalin sigari ba a rubuta ba. Yaron ya san ruwa, ya san inda igiyar ruwa ke ja, ya san baƙon da tsoro ya kama tun kafin ya yi magana. Nawa ake biyan haya, nawa haraji ya taru, wa ke bin shagon bashi, wannan a ofis yake kuma ofis na Baturen ne.

Sannan kashi ɗaya cikin huɗu na mi? Shagon nutso ba kamar sito ba ne da za ka buɗe ka ƙirga buhu. Zuciyar shi kwamfiresa ce, injin da ke cusa iska cikin tulun nan har ma'auni ya kai 200, kuma iskar nan da muke shaƙa ce ba iskar asibiti ba kamar yadda mutane ke zato, shi ya sa in ba a canza matatar injin ba ko hayaƙin janareto ya shiga, mutum na iya suma a mita 18 ƙarƙashin ruwa. Sai tulunan kansu da ake kai ma gwaji lokaci lokaci, sai abin shaƙa na baki da ake ma sabis duk shekara, sai rigunan roba, sai jirgi da injinshi. Duk waɗannan suna tsufa kullum cikin gishiri da rana. Sau da yawa kuma za ka tarar jirgin na wani masunci ne ɗan garin ana haya, filin na otal ne, don ƙasa a Zanzibar hannun gwamnati take, baƙo haya yake kamawa ta shekaru ba mallaka ba. In aka cire waɗannan mi ya rage? Suna, da yabon da baƙi suka rubuta a intanet, da lambobin wayar otal otal da ke turo mutane suna karɓar kamasho, kuma duk wannan a aljihun Baturen yake. Ranar da ya haɗa jakarshi ya koma Turai ko ya buɗe wani shagon a Kenya, da su zai tafi, ya bar maku tsofaffin tuluna ku raba huɗu. Ma'aikatan ma haka suke, wancan malamin da ake dariya da shi yau, bayan wata shida yana Tailan. 'Yan garin ne kawai ke zama.

Mu zo kan dubu 900 ɗin. Ka ninka sau 12, miliyan 10 da dubu 800 kenan a shekara kan jarin miliyan 15. Wato kafin shekara ɗaya da rabi uwar kuɗinka ta dawo. In rubu'i na kawo haka, duka shagon na cin riba sama da miliyan 43 a shekara, shi kuma mai shi ya yi ma duka shagon kuɗi miliyan 60. Alhaji kai ɗan kasuwa ne, in kana da saniyar da ke tatsar haka za ka saida ƙafarta ɗaya a wannan farashin, kuma ka rasa mai saye duk cikin Turawan da ke zirga zirga a wurin sai yaron shagonka? Ko dai ribar ba ta kai haka ba, ko akwai ramin da ake son a cike da kuɗinka, injin ya mutu ko hayar fili ta kusa ƙarewa ko haraji ya taso. Ina zargin lissafin watan Agusta ko ƙarshen Disamba aka ɗauka lokacin da baƙi ke cika, aka shafa ma shekara duka. Alhali suna da damina mai ƙarfi daga Maris zuwa Mayu, baƙi na ɗaukewa, wasu otal har rufewa suke, amma albashi da haya ba su san damina ba. Ka tambayi ƙanenka yadda 2020 ta kasance masu lokacin korona in ya tarar da labarin. Ban ma yi maganar haɗari ba, baƙo ɗaya ya taso sama da gaggawa iska ta kumbura mashi cikin jini a ruga da shi ɗakin matsin iska, in babu inshora wa zai biya? Mai rubu'in riba ai shi ne mai rubu'in bashi. Mu dai da an ce dala sai hankali ya tashi, an manta hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wannan "kafin wani ya riga mu" kuwa na gaji da jin shi. Duk cinikin da ba ya iya jiran sati uku a duba takardu, ba ciniki ba ne tarko ne, ko da wanda ya miƙo maka shi bai san tarko ba ne.

Bari in ba ka labarin wani da na zauna kan maganarshi nan Katsina. Ya ba wanshi kuɗi a Legas suka haɗa suka sai tirela, shekara shida ana turo mashi rabonshi lafiya lau, ba a taɓa cin shi ko sisi ba, wan mutumin kirki ne na gaske. Sai Allah ya yi ma wan rasuwa. Takardun mota sunan mamaci, asusu sunan mamaci. Da aka zo rabon gado ya ce rabin motar tashi ce, 'ya'yan suka ce Baba mu ba mu ƙaryata ka ba amma ina shaida? Waɗanda suka san maganar mutum biyu ne, ɗaya na kabari. Motar ta shiga gado, yau shekara nawa ba ya taka gidan, yaran da ya yi ma suna ba su gaishe shi. Babu macuci ko ɗaya cikin labarin nan, rashin takarda kaɗai ya raba gida. Ƙanenka kuwa kullum sai ya shiga ƙarƙashin teku, Allah ya tsare shi, amma sana'ar kenan. Shi ya sa in mutum ya ce mani kunya yake ji ya ce ma ɗan'uwanshi a rubuta sai in ce ya buɗe Baƙara aya ta 282, duk Alƙur'ani babu ayar da ta kai ta tsawo, kuma kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Sahabbai aka fara gaya mawa, ba 'yan damfara ba.

Ko tsakaninka da yaron ma ba ku fayyace ba. Bashi ka ba shi? Ƙiradi ne, kai da kuɗi shi da aiki, wanda in an yi asara ba da sakacinshi ba kai za ka ɗauka? Ko kai ne mai hannun jarin shi wakili? Ka ce "za mu riƙa samun", mu ɗin su wa, kuma kashi nawa nawa? Na rantse in na kira ku ɗaki daban daban amsa biyu zan samu.

Don haka kar ka tura 8 ɗin. Kuɗin kaka kuma ko takardun sun fito fes ban yarda ka taɓa su ba, don nan ne ka san kan abin, ka san lokacin da gero ke faɗuwa da lokacin da yake tashi, kuma shi ke ciyar da gidanka har da gidan su yaron. Aikin da ke gabanka yanzu 7 ɗin farko ne. Ka kira shi yau, ba da faɗa ba, ka tambaye shi kuɗin suna ina. In suna asusunshi alhamdulillahi, su zauna nan kar su motsa. In ya miƙa ma Baturen, a karɓo rasit da sa hannu da kwanan wata da abin da aka karɓe su dominshi. Daga nan ya nemo maka takardar rajistar kamfanin mai nuna sunayen masu hannun jari, da yarjejeniyar hayar filin a ga shekara nawa ta rage, da lasisi da shaidar biyan haraji, da bayanin asusun banki na wata 24 don damina biyu su fito a ciki, ba wani lissafi da aka buga a kwamfuta daren jiya ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, in ya hau fushi ya ce ba a yarda da shi ba to ka samu amsarka da arha. Ka ɗauki lauya ɗan can wanda kai za ka biya, ba wanda Baturen ya nuna ba, ya gaya maka ko doka ta ba baƙo irinka damar riƙe hannun jari a wannan sana'ar da irin wannan kuɗin, da yadda riba za ta fito ta iso Najeriya ta hanyar da ba za a riƙe ta ba.

Wani abu kuma da na san zai dame ka in ka ji daga baya, da yawan shagunan nan akwai ɗan wurin shaƙatawa a gefe inda baƙi ke shan giya in sun fito ruwa. Ka tambaya ko cinikin na shiga asusu ɗaya da na nutson, kar ka je kana cin abin da ba ka sani ba.

In duk wannan ya yi kyau, ka je da ƙafarka. Akwai jirgin Habasha daga Kano, a sauka Addis Ababa a canza zuwa Zanzibar, bizar dai ka fara nema da wuri don tana jan lokaci. Ka je cikin Afrilu lokacin da wurin ya yi tsit, ka zauna sati guda ka ƙirga baƙi da idonka, ka sha shayi da direban jirgin da yaron da ke cika tulu, ka tambaye su ko albashi na zuwa kan lokaci. Kuɗin tafiyar za su yi maka zafi amma ba su kai rabin 8 ɗin ba.

Yarjejeniyar ku biyu kuma ba sai an jira Zanzibar ba, wannan satin za a rubuta, ka samu limamin unguwarku da wani dattijo cikin dangi su zama shaidu, a tura mashi ya sa hannu ya ɗauko hoto ya maido. In ya turo rasit ɗin da takardar kamfanin ka sake rubuto mani mu duba tare, ka haɗo da ranar da ka yi tiransifa da sunan asusun da kuɗin suka shiga.