Takardar sakin ƙanen Alhaji

Kai yaro, kana tambayata ko dole sai notari, jami'in da ke shaida sa hannu, ya buga hatimi a fassarar takardar saki kafin a haɗa ta da fom I-130, wanda ake cikewa don nema wa miji, mata ko wani ɗan'uwa izinin zama a Amurka. Hukumar shige da ficen Amurka, USCIS, ba ta ce dole ba. Abin da take so, fassara cikakkiya da Turanci, sai mai fassara ya rubuta a ƙasa cewa ya iya harsunan biyu, kuma abin da ya fassara daidai yake, ya sa hannu. Masu kawo aiki ne ke son jan hatimin nan don hankalinsu ya kwanta. In sun biya, kai musu. Notari dai sa hannunka yake shaidawa, bai san me ke cikin takardar ba.

Ka tuna min da wani Alhaji. Ya shigo nan da babbar riga, da hoton takardar saki daga kotun shari'a, wai asalin yana Legas wajen lauya. Takardar ta ƙanensa ce, wanda ya auri Ba'amurkiya. Na ga lambar shekarar ta ɗan fi sauran rubutun baƙi, na raya a raina injin kwafi ne. Na fassara, har hatimin alƙali da rubutun magatakarda a gefe, na sa hannuna. Ashe goge shekarar aka yi. Sakin ya zo ne bayan auren Amurka, su kuwa can ba sa karɓar aure a kan aure. Da aka nemi asali, asiri ya tonu. Sai ga Alhaji a bakin shagon nan yana ɗaga murya, wai ni na ɓata kwanan wata, ban iya Turanci ba. Ni! Na mayar masa da kuɗinsa don a rabu lafiya, lauyoyi biyu da ke turo min aiki kuma suka ɗauke ƙafa. Har yau in na hango shi a masallaci, sahu nake canzawa.

Don haka ba asali, ba fassara. Kwanan Hijira ka bar shi yadda yake, ka ƙara na Miladiyya a bayanin mai fassara. In saki ɗaya ne, ka rubuta saki ɗaya. In khul'i ne, ka ce khul'i. Suna kuwa yadda yake a fasfo.

Ku yaran yanzu sai ku ɗauki hoto ku ba waya ta fassara muku. Je ka ɗauko min fayil ɗin matar Maraɗin nan, tata da Faransanci take.