Amsar tambayarki a kan sarautar mata

Kishiyata,

Saƙonki ya iso ni bayan la'asar, sai da na nemo tabarau na karanta shi sau biyu. Karatun farko dariya na yi, na biyu kuwa jikina ya yi sanyi. Kin ce tunda Daurama ta riƙe Daura, Amina ta riƙe Zazzau, wa ya hana mace sarauta a yau, al'ada ce ko addini? Kin kuma ƙara da ƙorafin ranar taron dangi, da aka ce ku tashi daga zaure ku koma cikin gida. Abin da ya ba ni dariya, yarinyar da har yanzu tuwonta gudaji yake yi ita ce ke neman rawani. Abin da ya sanyaya mini jiki kuwa zafin da na ji a cikin maganar, don na san bakinki, kada ki je ki zazzage wa kawunnanki ita haka a gaban mutane.

Mu da muna yara ba a aji muka fara sanin Amina ba. Kakata ce, in mun fita itace muka biyo ta gefen tsohuwar ganuwa da ta zaizaye har awaki na hawa, sai ta nuna da sandarta ta ce ganuwar Amina ke nan, ta yi mata kirari: Amina 'yar Bakwa ta san rana. Sai da na shiga makarantar horon malamai na ga ashe a rubuce take. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, ya ce shekara 34 ta yi tana yaƙi, ta ci ƙasa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya rubuta labarinta, ya ce a Atagara ta rasu. Ɗakin kwanan da kike ciki a jami'a sunanta ne, kina shiga kina fita kullum. Daura kuwa ai ba Daurama kaɗai ba ce, jerin magajiyoyi ne tun daga Kufuru, suna gadon juna kafin baƙon nan Bayajida ya zo ya kashe macijin rijiyar Kusugu, sarautar ta koma hannun ɗansa Bawo.

Amma ni wadda na gani da idona ita zan ba ki labari, gani ya kori ji.

Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, 1973, ina amarya a ƙauyen kakanku. Damina ta yanke tun gero bai yi bununi ba. Kafin sanyi ya wuce maza duk sun watse ci-rani, gari ya rage tsofaffi da mata da yara. Tafasa da rama muke dafawa, a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Na ga mata suna tonon gidan tururuwa suna sheƙe ƙasar don 'yan ƙwayoyin hatsin da ke ciki. A bayan gidan dagaci kuwa akwai rumbuna uku a liƙe, bafadawa suna cewa iri ne, ba a taɓawa.

Akwai wata tsohuwa, goggon dagaci, ita ce Magajiyar garin. Ƙanƙanuwa ce, idonta ɗaya ya yi yana, ba ta rabo da goro a kumatu. Duk matar da miji ya dake ta gidanta take gudu, kuma ba namijin da ya isa ya tsallake zauren nan ya bi ta. Wata safiyar Alhamis, bayan an binne yaro na uku a mako guda, ta aiko a kira ni, don ni ce sabuwar amarya a unguwar, ta ce in ɗauko mata kujerarta 'yar tsugunno in biyo ta. Ban san inda za mu ba sai da na ga mun doshi ƙofar fada. Ƙafata ta soma rawa, don tunda aka kawo ni garin ko kallon wajen ban taɓa yi ba. Mata na leƙowa ta katangar zana, wasu suka yafa mayafi suka biyo mu daga nesa.

Ta tuɓe takalminta a bakin zaure kamar kowa. Ta yi sallama, ta gaishe shi, ranka ya daɗe, yadda ake yi. Sa'an nan ta nuna mini tsakiyar zauren na ajiye kujerar, ta zauna, ni na durƙusa a bayanta kaina a ƙasa. Wani bafade ya buɗe baki zai ce wani abu, ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya mayar da maganarsa ciki. Sai ta kira dagaci da laƙabin da ake kiransa yana yaro, wanda ban taɓa jin wani mahaluki ya furta ba. Ta ce, ni na goye ka, na san nauyinka. Irin da kake ajiya, in masu shukar sun mutu, kai za ka ɗauki sungumi? Ya ce Goggo, fadawa sun ba da shawara. Ta ce ta sani, ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma ranar tambaya kai za a tambaya. Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Zauren ya yi tsit, ina jin kukan kurciya a kan bedin ƙofar gida.

Kafin azahar aka fasa rumbu biyu, aka bar ɗaya don iri. Ita ta zauna a gindin rumbun da mudu a hannunta, ana sussuka ana aunawa, kowane gida gwargwadon bakin da ke cikinsa, ta fara da masu jego da gwagware. Gidanta ne na ƙarshe. Da dare na raka ta gida ɗauke da kujerar, ta ce mini, yarinya, sarauta kaya ce, wanda ya ga rawanin bai ga gammon ba. Wannan maganar na riƙe ta fiye da shekara hamsin.

Shi ya sa nake jin ciwo in na ji yaran yanzu suna ƙyalƙyala dariya don an ce Magajiya, su a saninsu shugabar mata masu zaman kansu ke nan. Sunan da sarauniyoyin Daura suka ɗauka! Har yau akwai Magajiya a masarautar Daura, akwai Iya a Maraɗi, akwai Inna a Gobir. Malfar nan da Innar Gobir ke sawa, ita Nana Asma'u 'yar Shehu ta ɗauko ta ɗora wa jajis ɗinta, matan da ke jagorantar 'yan taru su zo ɗaukar karatu su koma ƙauyukansu su koyar. A Lugu ta ƙasar Nijar, Sarauniya ce ta tare rundunar Faransa a 1899, a lokacin da garuruwa da yawa suka watse da jin labarin ɓarnarsu. Ba ku san wannan ba, ku dai hoton mace a kan doki da takobi kuke aika wa juna a waya. Laifin ba naku ba ne ku kaɗai. Mu ma mun zauna da tsofaffin nan ba mu tambaye su ba, muna ganin kullum suna nan. Da Magajiyarmu ta rasu shekara shida aka yi ba a naɗa wata ba, wadda aka naɗa daga baya kuwa a birni take zaune, sai da salla ake ganin motarta.

Batun addini, mahaifina Allah ya jiƙansa in ya zo Suratun Namli yakan tsaya a kan Bilkisu, inda ta tara manyan fadarta ta ce ba ta yanke hukunci sai suna wurin, ya ce mana ku ji hankali. Akwai kuma hadisin da aka faɗa lokacin da mutanen Farisa suka naɗa 'yar sarkinsu Kisra, wanda ya ce mutanen da suka ɗora mace a kan al'amarinsu ba za su rabauta ba, na san shi za a karanta miki. Wannan fagen malamai ne. Ki sami kawunki na Tudun Wada shi kaɗai, bayan isha'i, ki durƙusa ki gaishe shi sosai tukuna, zai buɗe miki littafi.

Ranar taron nan da kika yi fushi, da kin zauna a ɗakina maimakon ki shige ƙurya da waya, da kin ga su waye suka yi ta sallama ɗaya bayan ɗaya kafin a koma zaure a yanke maganar gonar. In kin zo hutu ki taho mini da goro daushe. Zan sa a kai mu ƙauyen ki ga inda rumbunan suke, jikar Magajiya tana nan da ranta, kuma an ce kujerar na wurinta.

Kakarki