Tambaya da Amsa: Jirgin Ruwa Yana Sa Ni Amai, In Fasa Tafiya Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Watan jiya abokaina suka ɗauke ni yawo a teku cikin ƙaramin jirgi mai tafiya da iska. Kafin a yi nisa sai gumi mai sanyi ya keto mini, miyau ya cika baki, sai amai. Na gudu ɗakin ƙasa na zauna ina latsa waya ko zan manta, abin ya ƙara muni. Suka yi ta yi mini dariya wai ni rago ne. Ga shi tafiyar kwana huɗu ta taso. In fasa ne? Daga mai karatunku.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka fasa, kuma batun ragwanta ka ajiye shi gefe. Horatio Nelson, babban hafsan sojan ruwan Ingila da ya mutu a yaƙin Trafalgar a 1805, ya sha fama da wannan jiri duk da cewa a teku ya ƙare rayuwarsa. Masanin kimiyya Charles Darwin ma haka ya wahala a jirgin Beagle tsakanin 1831 da 1836. Abokan naka dai ba su gamu da raƙuman ruwan da suka fi ƙarfinsu ba ne tukuna.

Asalin abin a kunne yake. Can cikin kunnenka akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa ko kana tsaye cak ko kana tangaɗi. Idan ka shiga ɗakin ƙasa, ido yana ganin bango da tebur ba sa motsi, kunne kuwa yana cewa ana sama da ƙasa da kai. Ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata, sai tashin zuciya ya biyo baya. Ka ga ashe ɗakin da ka fake a ciki da wayar da ka ƙura wa ido su suka ƙara wa wutar fetur.

Saboda haka ka zauna a waje, tsakiyar jirgi, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Ka fuskanci gaba, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ka rage juya kai. Ka nisanci warin man inji. In matuƙin ya yarda, ka karɓi sitiyari na ɗan lokaci, domin wanda ke tuƙi yana hango igiyar ruwa kafin ta iso, jikinsa ya shirya mata. In kuwa kwanciya ta zama dole, ka kwanta rigingine ka rufe ido. Daren tafiya ka yi barci sosai, da safe ka ci abu kaɗan mara maiƙo. Fita da yunwa ba dabara ba ce.

Inda na fi so ka saurara shi ne lokacin shan magani. Da yawa sai amai ya fara suke laluben ƙwaya, alhali a lokacin ciki ba ya riƙe komai. Dramamine ana shan sa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a hau, Stugeron kuwa awa 2 kafin. Akwai filasta mai ɗauke da maganin hayosin da ake mannawa a bayan kunne awanni kafin tashi, tana aiki har awa 72, ta fi dacewa da doguwar tafiya irin taka. Sai dai tana busar da baki, wani lokaci gani ya yi dishi-dishi, kuma dole ka wanke hannu bayan ka manna ta kada ka taɓa ido. Mai hawan jinin ido, da mai wahalar fitsari, da mai juna biyu, su tambayi likita tukuna. Duk waɗannan magunguna suna sa gyangyaɗi, don haka ka gwada a gida kafin ranar, ka ga yadda jikinka zai ɗauka. Citta tana yi wa wasu amfani. Ƙawanyar da ake sawa a wuyan hannu, wadda ake tallatawa wai tana hana jiri kuwa, ni ban dogara da ita ba.

In aman ya zo duk da haka, ka je ɓangaren da iska ke kaɗawa ta nufa, kada ta mayar maka da shi a fuska. Rigarka ta hana nutsewa ta kasance a jiki, wani ya riƙe ka, domin mai jiri da ya leƙa gefe yana iya faɗawa. Bayan nan ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ko ruwan gishiri da sukari. Idan ka wuni ba abin da ke zama a ciki, fitsari ya ɗauke, ka gaya wa shugaban jirgin nan take.

Yawancin mutane jikinsu kan saba cikin kwana biyu zuwa uku. Bayan kun sauka za ka iya jin ƙasa tana lilo da kai na yini ɗaya ko biyu. In ya kai makonni bai daina ba, ka ga likitan kunne.