Farin rubutun taya da ya ƙi bushewa

Na ga hoton 'yar ƙaramar motar kwaikwayo ta ado da kake haɗawa, na kuma ji tambayarka: me ya sa farin da ka sa wa rubutun taya yake ta danƙo, ya kuma malale tsakanin haruffa. Ba sai na tambaye ka ba, na san fentin mai ka sa, irin wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe. Ka gani a waya, ka ɗauki burushi, ba ka tambayi kowa ba. Ku yaran yanzu waya ce maigidanku, mu sai abu ya lalace ake tunawa da mu.

To, ba zai bushe ba, ko ka ajiye shi har damina ta zagayo. Tayar waɗannan motoci roba ce mai laushi, kuma abin da ke ba ta laushin wani maiƙo ne da anka cuɗa cikinta tun daga masana'anta. Maiƙon yana tsattsafowa a hankali, ya haɗu da fentin mai, ya hana shi kamewa. Zafin Birnin Kebbi kuwa ƙara fito da shi yake yi. Fentin ruwa ake sawa, wanda ake kira akirilik.

Fentin man nan ya taɓa ci mini kuɗin da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. A 2020 ne, shekarar da anka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan an daɗe ba a yi ba. Wani ɗan kwangila ya zo shago da babbar riga yana ƙamshin turare, ya ce yana son ƙananan manyan motoci guda 20, masu taya goma, kowace da lodin 'yan buhunan shinkafa, zai raba wa baƙinsa. Ya ba da kafin alƙalami ɗan kaɗan, ni kuma na kwashi adashena na yo odar motocin daga Kano, masu ma'aunin ɗaya bisa 50. A wannan ma'aunin, tayar da tsayinta ya kai mita guda ba ta wuce santimita 2 ba. Kowace mota taya shida ke fitowa fili, ka lissafa, taya 120 ke nan, kowace da rubutunta. Na ce masa babbar mota ta gaske ba a cika yi mata farin rubutu ba, ya ce shi haka yake so. Na yi masa samfuri da fentin ruwa, aikin da ko yau ba ni jin kunyarsa.

Ya juya shi, ya taɓe baki, ya ce, "Malam, wannan farin naka ai kamar alli, ba ya ƙyalli." Washegari sai ga shi da gwangwanin fentin mai a hannu. Na gaya masa gaban yaronsa da maƙwabcina mai walda cewa abin nan ba ya bushewa a kan roba. Ya ce, "Ni ke biya ko kai?" Na maimaita masa. Ya ce in ba zan yi ba in maido masa kuɗinsa, alhali ya san kuɗin sun riga sun zama motoci. Na yi masa abin da ya ce. Ranar ɗauka na roƙe shi a jera su cikin kwali a buɗe, kada komai ya taɓa tayoyin. Yaronsa ya naɗe kowace da jarida, sunka cusa a but, cikin zafin watan Maris. Kafin su isa Argungu jarida ta manne, labarin siyasa ya hau kan sunan taya.

Da dare ya kira ni yana zagi. Ya ce bai taɓa kawo mini fenti ba, ni na ɓata masa kaya, cikon kuɗi kuma in manta da shi. Yaronsa ya ce bai tuna ba. Mai walda ya faɗi gaskiya, amma wa ke sauraron mai walda gaban mai babbar riga? Munka je gaban manya, anka ce in yi haƙuri, wata rana zai kawo wani aikin. Abin da ya fi ƙona mini rai, bayan biki na ga hotuna: ga motocina nan kan teburin baƙi, an goge tayoyin da kalanzir sun koma baƙi, an raba su kaf, ana yi masa godiya. Na daɗe ina zubin adashen da ban ci ko kwabonsa ba. Har yau in mun haɗu a ɗaurin aure yakan miƙo mini hannu.

Batun wanke taya da sabulu kafin fenti ba sai na ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da ruwan leda. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda farin yake a tayar gaske. Ba fenti ba ne. Farar roba ce a ƙarƙashin baƙa, sai a kankare saman haruffan a masana'anta farin ya fito. Don haka fari a saman harafi kawai yake zama, ba ya gangarowa gefe. A ma'aunin ɗaya bisa 24, irin motarka, harafin da ya kai santimita biyu da rabi ya koma kusan milimita guda. Wane burushi za ka sa a nan? Tsinken sakace ake ɗauka, a dangwali fenti, a rage shi a bayan hannu, a kwantar da gefen tsinken a shafi saman harafin. Shafa biyu marasa kauri, ta farko ta bushe tukuna. In kana da kuɗi, alƙalamin fenti na Posca mai bakin milimita 0.7 na ruwa ne, yana yi.

Ka fara sa taya a rim sannan ka yi rubutun, don in ka ja robar daga baya fentin tsagewa zai yi. In hannu ya goce, kada ka goge yana ɗanye, bari ya bushe ka kankare da busasshen tsinke. Tina, wato ruwan tsinka fenti, da man goge jan farce kada su kusanci roba. Ni nakan ɗiga ɗan fenti mai launin ruwan ƙasa cikin farin, domin fari fat a kan ƙaramar mota yana maida ita abin wasan yara. In motar tsere ce, ka duba hoto kafin ka ce fari: tayoyin Pirelli na Formula 1 akwai ja, akwai rawaya, akwai fari, gwargwadon taurin robar. Lokacin hunturu ka kifa kwano a kai har ya bushe.

Waɗanda ka ɓata, ka goge da ɗan kalanzir a tsumma, ka wanke da sabulu nan take, ka kawo su Asabar in gani kafin ka sake taɓa su. Kwalbar farin da ke cikin durowa tawa ce, ka sayi taka.