Kuɗin da ƙungiyarmu ta tara na ambaliya: shinkafa za mu saya ko kuɗi za mu raba?

Malam, ka tambaya ko ku sayi shinkafa ko ku raba kuɗin. Ya danganta da lokaci. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumban 2024, mutanen Gwange da sauran unguwannin Maiduguri dafaffen abinci da ruwan sha suka fi buƙata, domin ba murhu, ba tukunya. Bayan ruwa ya janye kuwa, kuɗi a hannu ya fi amfani: wani gyaran ɗaki ne damuwarsa, wata jarin ƙosanta ne ya tafi. Ku ware wani abu don tsabtace rijiyoyi, kwalara ta ɓulla a Borno bayan ambaliyar. Sunayen mabuƙata ku karɓa daga mai unguwa da limami, amma ku sa mata cikin tantancewar, zawarawa da yawa ba sa zuwa layi.