Ƙwannafi da maganin kemis: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi kan ƙwannafi sun taru da yawa, na tsinto waɗanda nasan amsarsu za ta amfani mutane da dama.

Tambaya daga wani direba mai jigila tsakanin Kamba da Birnin Kebbi: Likita barka da aiki, ni dai kullum in na ci tuwon dare na kwanta sai in ji kamar wuta na tasowa daga ƙahon zuci har maƙoshi, wani lokaci ruwa mai tsami ya zo min baki. Mai kemis ya ba ni omeprazole ya ce in sha in abin ya taso, ina sha amma ba ya yin komai, ko jabu ne ya sayar min?

Malam direba ba lallai jabu ba ne, yadda kake shan sa ne ba daidai ba. Abin da ke damunka shi ne, a ƙarshen maƙoshi wurin da ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka da ke tsukewa bayan abinci ya wuce, to in ta saki sai ruwan tsamin ciki ya dawo sama, shi kuma maƙoshi ba a halicce shi da jure wannan tsamin ba, shi ne ƙunar da kake ji. Magungunan da ake samu a kemis iri uku ne kuma kowa da aikinsa. Akwai masu kashe tsamin da ya riga ya fito, irin su Gestid, Gelusil, Mist Mag da Gaviscon, waɗannan cikin 'yan mintoci za ka ji sauƙi amma ba sa daɗewa, awa ɗaya zuwa biyu sun gama. Gaviscon yana da ƙari ɗaya, yana yin wata kumfa mai kauri da ke zama a saman abincin ta tare hanya, shi ya sa ya fi dacewa a sha bayan cin abinci da lokacin kwanciya. Sai famotidine, shi rage fitar tsamin yake, yana fara aiki cikin kamar awa ɗaya ya kai awa 10 zuwa 12. Na ukun shi ne omeprazole da 'yan uwansa su esomeprazole, su rufe famfon da ke fitar da tsamin suke tun daga tushe, kuma ba maganin nan take ba ne sam, sai ya yi kwana 1 zuwa 4 kafin ƙarfinsa ya cika. Ana shan 20mg sau ɗaya a rana da safe, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, kullum har kwana 14 ba fashi, ko ka ji ƙuna ko ba ka ji ba. Kai kuwa sai wuta ta kama da tsakar dare sannan ka haɗiya, ai dole ka ce bai aiki.

Kuma ka ba da tazarar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya, nasan da wuya ga wanda ya wuni kan hanya ya shigo gida a gajiye, amma ko ka ci da wuri a tasha ne ka yi. Ka sa bulo ko katako ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai ya ɗaga kamar santimita 15 zuwa 20, tara filo ba ya yi don lanƙwasa ka yake ya ƙara matse cikin, ka riƙa kwanciya ta gefen hagu. Goro da shayi mai kauri da kuke sha don korar barci, da sigari in kana sha, duk suna cikin masu tayar da shi.

Tambaya daga wani manomin rani a Argungu: Likita in na dawo daga fadama jikina duk ciwo sai in sayi haɗin maganin gajiya in sha, to kwanan nan ƙwannafi ya matsa min, ina jiƙa kanwa in sha sai in yi gyatsa in ji daɗi. Akwai matsala?

Akwai babba ma kuwa, kuma wannan tambayar ce ta fi tsaya min a rai. Haɗin da ake ƙulla muku a leda, yawanci ba ya rasa diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci biyu daga cikinsu a tare, har a ƙara da dexamethasone a kai. Waɗannan magungunan suna rage majinar da ke kare bangon tumbi daga tsaminsa, in aka daɗe ana sha musamman ba komai a ciki, sai su kai mutum ga gyambon ciki har ya yi jini ko ya ɓule. Garin Alabukun ma aspirin ne a ciki da sinadarin kofi, mai ƙwannafi ba nasa ba ne. Wato kai da hannunka kake kunna abin da yamma sannan ka bi shi da kanwa da dare. Ka bar haɗin nan, in ciwon jiki ne ka sha paracetamol, shi bai cin tumbi in an sha bisa ƙa'ida, kar ka wuce ƙwaya 2 a lokaci guda, kar ka wuce 8 a wuni.

Ita kanwa gaskiya tana kashe tsami, ba zan ce ƙarya ba ne, gyatsar da kake yi ma iskar da ke fita ce in ta haɗu da tsamin. Matsalar ba ta da awo, yau ka jiƙa kaɗan gobe ka jiƙa da yawa, ga gishirin sodiyam cike da ita wanda ke tayar da hawan jini ya tara ruwa a jiki ya wahalar da ƙoda, ga ƙasa da datti tunda ba tacewa ake ba. Haka bekin soda, haka Andrews, duk mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda ya yi nesa da su. In ka bar haɗin ka yi omeprazole na kwana 14 abin bai lafa ba, ko ka ga bayan gidanka ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, to ranar ka tafi asibiti kar ka jira.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Gusau: Likita ina da ciki wata 7, ƙwannafi ya hana ni barci, uwar mijina ta ce gashin jariri ne in yi haƙuri. Me zan iya sha da ba zai cutar da ɗan ba? Ina shan maganin ƙarin jini da aka ba ni wurin awo.

Hajiya Allah ya raba lafiya. Sinadarin da jiki ke ƙarawa lokacin goyon ciki yana sa waccan tsokar ta saki, ga mahaifa ta girma tana turo tumbi sama, shi ya sa ya fi tsanani a watannin ƙarshe kuma yawanci da an haihu yake tafiya. Ba sai kin yi ta haƙuri ba, Gaviscon ana ba masu ciki, ki sha bayan abinci da lokacin kwanciya. Ki riƙa ci kaɗan kaɗan sau da yawa maimakon cika ciki, ki rage soye soye da yaji da ɗanyar albasa. Kanwa da bekin soda kam a'a. Abin lura, kar ki haɗa maganin ƙwannafin da na ƙarin jini lokaci guda, yana hana sinadarin ƙarfen da ke cikin na ƙarin jinin shiga jiki, ki raba su da awa 2 aƙalla. In bai isa ba ki faɗa musu wurin awo, akwai wanda za su ƙara miki. Amma in ciwon a ƙarƙashin haƙarƙarin dama yake ko ƙahon zuci mai tsanani, ga ciwon kai, ga gani dishi dishi ko kumburin fuska, wannan ba ƙwannafi za ki ɗauke shi ba, yana iya zama hawan jinin masu ciki ne, a gwada jininki a ranar.

Wannan maganar tazarar ba ta masu ciki kaɗai ba ce, su Gestid da Mist Mag suna kama ciprofloxacin da ake yawan sha don taifod, da doxycycline da tetracycline, su hana su aiki, mutum ya yi ta sha yana cewa magani bai karɓe shi ba. A sha waɗancan awa 2 kafin na ƙwannafin.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Talata Mafara: Shekara biyu kenan ina shan omeprazole kusan kullum don an ce min olsa gare ni, da na bari sai ya dawo fiye da da. In ci gaba?

Malama wa ya ce olsa ce, gwaji aka yi ko mai kemis ne ya faɗa? Mu nan duk abin da ya yi zafi a ciki sunansa olsa, alhali ƙwannafi daban gyambon ciki daban. Shi gyambo mafi yawansa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi mai suna H. pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren suka gano har aka ba su kyautar Nobel a 2005, ana gwada ta a bayan gida ko numfashi, maganinta kuma haɗin maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da omeprazole na kwana 10 zuwa 14, ba shan shekara biyu ba. Sai dai kafin gwajin ana so ki tsayar da omeprazole na sati 2 don yana ɓoye ta. Dawowar da yake yi in kin bari sananne ne, tumbin da aka daɗe ana danne shi yana ambaliyar tsami na ɗan lokaci, don haka a hankali ake janyewa, yau a sha gobe a tsallake, ana cikewa da Gaviscon. Akwai waɗanda dole su daɗe a kansa, amma likita ne zai yanke, don daɗewar na iya rage bitamin B12 da magniziyam a jiki, ta raunana ƙashi. Wanda ke shan clopidogrel na zuciya shi ma kar ya ɗora omeprazole da kansa.

Wani daga Jega ya tambayi Zantac da ya saba sha da ya daina gani. Ranitidine kenan, an janye shi a Amurka da ƙasashe da yawa a 2020 saboda an samu wani sinadari mai suna NDMA da ake zargi da kawo ciwon daji. In ka gani a wani shago kar ka saya, famotidine na yin aikinsa. Mai tambaya kan azumi kuma, ka sha omeprazole rabin awa kafin sahur, ka buɗe baki da dabino da ruwa ka ɗan saurara, ba ƙosai da soyayyen dankali da lemon kwalba lokaci guda ba.

Tambaya daga wani matashi a Yauri: Likita babanmu ne, shekarunsa sun haura 60, wata uku kenan yana fama da ƙwannafi, yanzu in ya ci nama ko tuwo sai ya ce ya tsaya masa a ƙirji, ya koma kunu da fura, ya rame sosai. Wane magani ya fi ƙarfi mu saya masa?

Ɗan uwa kar ku saya masa komai, ku kai Baba asibiti cikin satin nan. Abinci na tsayawa, ga rama, ga shekaru, wannan sai an zura na'ura mai kyamara an leƙa maƙoshi da tumbi an ga abin da ya toshe, yana iya zama tabon da tsami ya bari ya tsuke hanyar wanda ana iya buɗawa, yana iya zama abin da ya fi haka, kuma omeprazole zai rage masa zafin ne kawai ku ɗauka ya samu sauƙi lokaci na tafiya. Ku fara da babban asibitin da ke kusa da ku ku nemi takardar turawa zuwa Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ku tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha har da na gargajiya. In kuwa ya yi aman jini, ko ƙirjin ya danne shi da nauyi yana zufa ciwon na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko da tsakar dare ne a ɗauke shi, don ciwon zuciya ma yakan zo da kamar ƙwannafi, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga.