Furfure, musaya da mararraba: amsar Kawu

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗinsa ƙwarai. Ka ce ka ji mahaifiyarka ta ambaci furfure, da ka tambaye ta sai ta ce musaya ce, kai kuma a wurinka duk canji ne. Ka kuma tambayi abin da ya raba mararraba da magama, da dalilin da ya sa tsofaffi ke hana ɗaukar abu a irin wuraren nan. To, buɗe kunnenka.

Musaya ita ce uwa. Sai da hannu biyu take yiwuwa, ka ba ni in ba ka. Shi ya sa ake musayar fursunoni, ake musayar wuta, masu gardama kuma su yi musayar yawu. Sauyi kuwa mutum ɗaya ma ya isa: ka sauya riga, ɗan siyasa ya sauya sheƙa. Ka kiyaye kada ka haɗa musanya da musanta, domin na ga yaranku na yi. Wanda ya musanya ya ba da wani abu ya karɓi wani, wanda ya musanta kuwa ƙaryata magana ya yi.

Furfure 'yar musaya ce, amma cinikin da kuɗi bai shiga ba. Bafillatana ta shigo gida da ƙwaryar nono, uwar gida ta auna mata hatsi, ita kuma ta auna nono da ludayi. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba a rabuwa sai kowa ya ce ya yarda. In kayan ɗaya ya fi daraja, ɗayan ya yi ciko. In an gama a ƙara gyara, don gobe. Haka ayarin Azbinawa ke yi da kaya masu yawa: su kai gero Bilma da Fachi a hamadar Nijar, su ɗauko gishiri da dabino a kan raƙuma. Karin maganar nan ta "ba ni gishiri in ba ka manda" daga irin wannan rayuwa ta fito, manda kuwa ita ma wani nau'in gishiri ce mai duhu.

A nan akwai hukuncin da nake so ka riƙe, don mutane da yawa sun manta shi. Hadisi ya ambaci abubuwa 6: zinariya, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri. In za a musanya ɗaya da jinsinsa, sai daidai wa daida, kuma hannu da hannu. Da Bilal, Allah Ya yarda da shi, ya ba da sa'i 2 (sa'i wani ma'aunin awo ne) na dabino maras kyau ya karɓi sa'i 1 na mai kyau, Manzon Allah (SAW) ya ce masa wannan haramtacciyar riba ce tsantsa, ya sayar da nasa tukuna sannan ya sayi wancan. Auren musaya ma, inda wannan zai ba wancan ƙanwarsa shi kuma ya ba shi tasa ba sadaki, shari'a ta hana shi.

Canji kuwa baƙo ne, daga Turanci muka aro shi, kuma ba na ƙinsa. Ya zauna ya yi gida, har da 'yan canji a Wapa ta Kano. Mu da muka manyanta, shekaru biyu ne suka kafa mana shi a baki. Ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon, aka yi canjin hannu, motoci suka bar hagu suka koma dama. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka yi canjin kuɗi, fam ɗaya ya koma naira 2. Abin da ke damuna kawai shi ne canji ya cinye 'yan'uwansa, yaro ya tashi bai san wata kalma ba sai shi.

Sai batun hanya. Mararraba daga raba take, magama daga gamuwa, mahaɗa daga haɗuwa. Wuri ɗaya ne, idon mai kallo ne ya bambanta. Wanda ya fito da abokin tafiya, aka zo inda kowa zai kama gabansa, mararraba ya gani. Wanda ya taho shi kaɗai ya tarar da jama'a sun ɓullo ta wata hanya, magama ya gani. Dubi sunayen garuruwa ka ga shaida: Mararrabar Jos a hanyar Kaduna zuwa Zariya, Mararrabar Mubi a Adamawa, Mararraba ta bakin Abuja a jihar Nasarawa, sannan Magamar Jibiya a Katsina da Magama Gumau a Bauchi. In ka ji an gajarta an ce Marabar Jos, ba marabar tarbar baƙo ake nufi ba, marabar rabuwa ce, irin ta "ba su da maraba". Da kwalta ta zo sai aka sami kwana, kamar Kwanar Dangora, da lamba, kamar Lambar Tureta, da shataletale a cikin birni.

Ka lura kusan duk inda hanyoyi suka gamu sai kasuwa ta tsiro, domin a nan mai gishiri ke cin karo da mai gero. Ashe tambayoyinka biyu tushensu ɗaya.

Hanin ɗaukar abu kuwa, ga asalinsa. Bokaye kan umarci mai ciwo ya yi wankan magani ko ya zubar da wani abu a mararraba, da imanin cewa wanda ya taka ko ya ɗauka shi zai kwashe cutar. Ka ga ita ma musaya ce, amma muguwa, wadda ɗaya ɓangaren bai sani ba balle ya ce ya yarda. Ni ban ɗauki wannan komai ba face camfi, kuma mai yin sa ya haɗa shirka da mugun nufi ga bayin Allah. Sai dai ba na zargin iyayen da suka hana. Tsumman da maras lafiya ya yar ba abin wasan yaro ba ne, kuma tsintuwa tana da nata hukunci, sai an yi cigiya.

Al'adar mararraba da na fi ƙauna ita ce rakiya. Baƙo mai daraja ba a sallamarsa a bakin zaure. A taka masa har inda hanya ta rabu, a tsaya a yi musabaha, a ce Allah Ya kiyaye hanya, sannan a juyo. Ranar da ka zo, in Allah Ya yarda, har can zan raka ka. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da kyau.